Ba wa kare zuma: wane kare, wace zuma, kuma nawa

Kare baligi mai lafiya zai iya lasar zuma tsantsa ba tare da ta yi masa lahani ba. Ba ta cikin abubuwan da ke zama guba a jikinsa, irin su cakulan, inabi, albasa da tafarnuwa. Amma dai zuma da zaƙi da harbi. Cokalin da ƙaton kare zai lashe ya ci gaba da wasansa, shi ne zai sa ƙaramin kare zawo, shi ne kuma zai birkita sugan kare mai ciwon suga da ake yi wa allurar insulin. Wani lokacin ma abin da ke cikin kwalbar ba zuma ba ce kwata-kwata. Saboda haka kafin ka buɗe murfi akwai abubuwa uku da za ka tantance, kuma a jere suke: karen, zumar, sannan awo.

Ka fara da sanin me ke cikin cokalin. Kusan kashi 80 cikin ɗari na zuma suga ne, kashi 17 zuwa 18 ruwa. Ƙaramin cokali mai ɗaukar mililita 5 yana cin giram 7 na zuma, wato suga kusan giram 6, kalori (ma'aunin kuzarin da abinci ke bayarwa) 21. Babban cokali giram 21 ne, kalori 64. Bitamin da ma'adanan da ake yawan ambata suna ciki, gaskiya ne, sai dai sun yi ƙanƙantar da kafin kare ya sami wani abin kirki daga gare su sai ya sha sugan da zai kwantar da shi. Bitamin C kuwa hantar kare ce ke haɗa masa da kanta. Karen da ke cin cikakken abinci ba ya rasa komai don bai sha zuma ba. Abin marmari ce kawai, kuma yana son ta ne don harshensa na jin zaƙi, saɓanin kyanwa da ba ta jin ɗanɗanonsa sam.

Mataki na farko: dubi karen

Kwikwiyon da bai cika shekara ɗaya ba, kada a ba shi. Zuma na iya ɗauke da irin wata ƙwayar cuta mai suna Clostridium botulinum, a cikin wani ɓawo mai tauri, kamar ƙwayar hatsin da ke jiran damina. A hanjin babban kare akwai ɗimbin ƙwayoyin halitta masu amfani da suka riga suka mamaye wurin, sai irin ya wuce ya fita tare da kashi. A hanjin da bai nuna ba kuwa yana iya samun wurin tsira, ya fara fitar da gubar da ke tsinke saƙo tsakanin jijiya da tsoka. Wannan ne dalilin da ya sa likitoci ke hana ba jariri ɗan ƙasa da wata 12 zuma, kuma shi ne dalilin da likitocin dabbobi ke bi a kan kwikwiyo. Jikin kare yana jure wannan guba fiye da na dabbobi da yawa, kuma galibin karnukan da suka kamu daga cin mushe suka samo ta. Duk da haka babu wata riba a cokalin zuma da ta kai a yi caca da ran kwikwiyo a kanta.

Kada ka ce za ka tafasa ta ka huta. Tafasa ba ta kashe wannan iri. Sai zafin da ya kai digiri 121 a tukunya mai matse tururi yake mutuwa. Zumar kamfani da aka gasa aka tace ma ba ta tsira daga gare shi ba, don gashin da ake yi mata na kashe yis ne da hana ta daskarewa da wuri.

Wannan hukunci na hana zuma ya hau kan karen da garkuwar jikinsa ta yi rauni, kamar wanda ake yi wa maganin ciwon daji, ko wanda ya daɗe yana shan magungunan kwantar da kumburi irin su firednisolon. Shi wannan maganin ma da kansa yana ɗaga sugan jini, ka ga an haɗa masa biyu ke nan.

Kare mai ciwon suga ba a ba shi zuma a matsayin kwaɗayi, ko da ɗigo. An auna masa insulin ne daidai da abincin da yake ci safe da yamma. Sugan zuma ba ya buƙatar wani dogon narkewa, nan da nan yake shiga jini, sai lissafin ya rushe. Akwai yanayi ɗaya tak da zuma ke yi masa amfani, za mu zo gare shi a ƙasa.

Sai mai ƙiba. Ɗora tafin hannunka a gefen ƙirjinsa ka shafa. Idan kana jin haƙarƙarinsa ba tare da ka danna ba, kamar yadda kake jin ƙasusuwan bayan hannunka, jikinsa daidai yake. Idan sai ka nutsa yatsa kafin ka taɓo ƙashi, ko kuma ka dube shi daga sama ka ga babu ƙugu, ajiye kwalbar.

Wanda ƙudan zuma ya taɓa harbi fuskarsa ta kumbura ko numfashinsa ya sarƙe, shi ma a bar shi. Haka wanda bakinsa ke wari, dasashinsa ya yi ja yana jini, da wanda yake fama da amai ko zawo a halin yanzu.

Mataki na biyu: dubi zumar

Nan ne babban haɗarin yake, kuma nan ne mutane suka fi yin sakaci. Juya kwalbar ka karanta jerin abubuwan da aka haɗa. Abu ɗaya ya kamata ka gani, zuma. Idan ka ga wani abu na biyu, tsaya.

Wanda ya fi kowanne muni shi ne zailitol. Wani sinadarin zaƙi ne da ake sa wa a cingam, man goge baki, alewa, da ruwan zaƙi mai kama da zuma da ake yi wa masu ciwon suga da masu rage ƙiba. A jikin takarda za ka ga an rubuta shi xylitol, ko lambar E967. Duk kwalbar da ke taƙama da cewa ba suga a cikinta alhali tana da zaƙi, ka ɗauka yana ciki har sai ka tabbatar da akasin haka. Ga mutum ba guba ba ne. Jikin kare kuwa yana ɗaukar sa a matsayin suga na gaske, ya antayo insulin mai yawa, sai sugan jininsa ya faɗi warwas, sau da yawa cikin minti 30 zuwa 60. Kashi ɗaya cikin goma na giram a kan kowane kilo na nauyin kare ya isa ya kayar masa da suga. Rabin giram a kan kowane kilo yana iya lalata hanta. Ga kare mai kilo 10, giram 1 ya isa ya kwantar da shi, giram 5 kuma ya taɓa hantarsa. Ƙaramin cokali ɗaya na irin wannan ruwan zaƙi yana iya wuce adadin farko nesa ba kusa ba.

Sai abubuwan da aka haɗa da zuma, waɗanda mutum ke kallo a matsayin zuma kawai. Maganin tari na mutane mai ɗanɗanon zuma yana iya ƙunsar farasitamol ko wasu magungunan mura da ke cutar da kare. Kayan maƙulashe masu zuma sukan zo da busasshen inabi, wanda ke iya kashe ƙodar kare, ko cakulan, ko gyaɗar makadamiya. Haɗin zuma da tafarnuwa da wasu ke sha don lafiyarsu yana farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare. A duk waɗannan ba zumar ce mai laifi ba, abokin tafiyarta ne.

Akwai kuma zuma tsantsa mai guba tun daga fure. A yankin Bahar Aswad na Turkiyya da tsaunukan Nepal, ƙudan zuma na tsotsar furen itacen rododendiron, sai zumar ta fito da wani sinadari mai rage bugun zuciya da saukar da hawan jini. Ana sayar da ita da gangan ga masu nema, har ta intanet. Idan kare ya sha za ka ga dalalar miyau, amai, jiri da kasala. A Niyu Zilan ma akwai wata guba mai suna tutin da kan shiga zuma daga itacen tutu, har hukuma ta sa mata iyaka. Zumar da ba ka san asalinta ba, musamman mai ɗaci ko mai ƙona maƙogwaro, ba ta kare ba ce.

Shinshina ta kuma. Zumar da ruwa ya yi wa yawa takan yi tsami, ta yi kumfa a sama, murfin ya kumbura, ta riƙa warin giya. Yis ne ya fara mayar da sugan barasa, kuma ƙaramin kare ba ya jure barasa. Wadda ta daskare ta yi tsakuwa-tsakuwa kuwa lafiyarta ƙalau, ɗabi'ar zuma ce. Tsoma kwalbar a ruwan ɗumi wanda hannunka zai iya jurewa, kimanin digiri 40, za ta narke. Kada ka sa ta a wuta kai tsaye ko a na'urar ɗumama abinci ta lantarki, don zuma na riƙe zafi, gefe ɗaya ya yi ɗumi ɗaya gefen ya ƙona harshe, ga ta da mannewa.

Saƙar zuma: ɗan guntun kaki ba guba ba ne, zai fita da kashi. Dunƙule babba ne abin tsoro, don ba ya narkewa a ciki, yana iya tsaya wa ƙaramin kare a maƙogwaro ko a hanji. Tace ta, ka cire kakin da matattun ƙudaje.

Mataki na uku: awo

Ƙa'idar da likitocin dabbobi ke bi ita ce duk wani abin kwaɗayi kada ya wuce kashi 10 cikin ɗari na kalorin da kare ke buƙata a yini. Kare mai kilo 10 yana buƙatar kalori wajen 600, kasonsa na kwaɗayi 60 ke nan. Babban cokali ɗaya na zuma 64 ne. Ka ga cokali ɗaya ya cinye kason duka har ya ɗora, tun ba a lissafa guntun nama ko biskit ɗin da wani ya jefa masa ba.

Ga iyakar da muke ba da shawara, a yini guda:

- Ƙasa da kilo 5: rubu'in ƙaramin cokali.
- Kilo 5 zuwa 10: rabin ƙaramin cokali.
- Kilo 10 zuwa 25: ƙaramin cokali ɗaya.
- Sama da kilo 25: ƙananan cokula biyu.

Wannan iyaka ce, ba abin da dole sai an cike ba ne, kuma ba na kullum ba. Sau biyu ko uku a mako ya wadatar. Cokalin a shafe yake, ba a toze ba. Zuma mai kauri tana iya hawa cokali ta ninka awonsa, don haka ka share saman da bayan wuƙa. Idan ba ka san nauyin karenka ba, hau ma'auni kai kaɗai, ka sake hawa ɗauke da shi, ka cire na farko daga na biyu.

Dalilin da ya sa muke nanata maganar kullum shi ne lissafi. Ƙaramin cokali ɗaya a kowace rana, a kan abincin da ya riga ya ishe shi, ya haura kalori 7,600 a shekara. Wannan ya kusa kilo guda na kitse. Ga kare mai kilo 5, kashi ɗaya cikin biyar na jikinsa ke nan, kuma gwiwoyinsa da zuciyarsa ne za su ɗauki kayan.

Mataki na huɗu: gwaji da yadda ake bayarwa

Ran farko, ɗigo ɗaya a kan yatsa ya isa. Ka yi shi da safe, a ranar da kake gida kuma asibitin dabbobi yake buɗe. Kada ka haɗa shi da wani sabon abinci a rana ɗaya, don idan wani abu ya faru ka san mai laifi.

A awa ta farko ka lura da fuskarsa. Kumburin leɓe ko fatar ido, borin jini da ke sa gashi tashi tsibi-tsibi, goga fuska a ƙasa, amai nan take, waɗannan alamu ne cewa jikinsa bai karɓa ba. Idan numfashi ya fara yi masa wuya, ko dasashinsa ya yi fari, ko ya zube, a garzaya asibiti ba jira. Bayan haka ka duba kashinsa na awa 24. Idan bai sauya ba, za ka iya kai shi awon da ke sama.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka cakuɗa ta cikin abincinsa, ko ka narkar da ita a babban cokali biyu na ruwan ɗumi. Da abinci a ciki sugan ba ya shiga jini a guje. Kada ka ɗaga kansa ka tsiyaya masa a maƙogwaro, yana iya ƙwarewa ta shiga huhu. Kada kuma ka zuba ta a kwanon ruwansa na yini, zai riƙa shan suga ba awo, kwanon ya yi yauƙi, kiyashi su yi masa dandazo. Ruwan sha ya zama ruwa zalla kuma a kusa.

Idan ya gama, goge masa leɓe da gashin haɓa da tsumma mai laima. Ruɓewar haƙori ba ta cika damun kare kamar mutum ba, amma ciwon dasashi ya yi yawa a cikinsu, kuma abu mai danƙo da zaƙi yana ciyar da dattin da ke taruwa a gindin haƙori. Idan kana goge masa baki, yi amfani da man da aka yi don karnuka. Na mutane yana da sinadarin fuloraid da ba a so a haɗiye, wani kuma da zailitol, shi kuwa kare haɗiyewa yake yi.

Idan ya faki ido ya shanye kwalba

Ɗauko kwalbar kafin komai. Karanta abin da ke jiki, ka ƙiyasta yawan da ya sha da lokacin da ya sha. Duba ko ya tauna robar ya haɗiye, ko kuma gilashi ya fashe ya yanke shi a baki.

Idan akwai zailitol, busasshen inabi, cakulan ko magani a ciki, kira likitan dabbobi nan take kuma ka kama hanya, ko da karen yana ta tsalle-tsallensa. Lalacewar hanta ko ƙoda ba ta nuna kanta sai bayan kwana ɗaya zuwa uku, lokacin an makara. Tafi da kwalbar.

Idan zuma ce zalla kuma karen baligi ne mai lafiya, abin da za ka gani shi ne ƙishirwa, yawan fitsari, ƙugin ciki, zawo, wataƙila amai sau ɗaya ko biyu. Sugan da ya fi ƙarfin hanji yana janyo ruwa daga jiki zuwa cikin hanjin, shi ne zawon. Ba shi ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai. Bar cikinsa ya huta na 'yan awoyi, sannan ka ba shi abinci mara mai, kaɗan. Yawanci cikin yini ɗaya ya wuce. Ka ja fatar bayan wuyansa ka saki, idan ta koma nan da nan jikinsa na da ruwa, idan ta tsaya a tattare ko dasashinsa ya bushe yana manne wa yatsa, ruwan jikinsa ya yi ƙasa. Wannan, ko amai fiye da sau uku, ko jini a kashi, ko zawon da ya wuce awa 24, duk na likita ne.

Kada ka ɗura masa gishiri don ya yi amai. Gishirin kansa yana iya kumbura ƙwaƙwalwa ya kashe shi. Madara da mai ba sa karya guba, zawon kawai suke ƙarawa.

Idan kwikwiyo ne, ka sa masa ido har mako guda. Ƙafafun baya su fara rasa ƙarfi, rashin ƙarfin ya riƙa hawowa gaba, haɗiya ta yi wuya, haushinsa ya dishe: kai shi asibiti a ranar.

Inda zuma ke ceton rai

Sugan jinin kare kan faɗi ƙasa da awo 60 (mg/dL) a na'urar gwaji idan insulin ta yi masa yawa, ko an yi masa allurar bai ci abinci ba, ko ya amayar da abin da ya ci. Yakan faru kuma ga 'yan mitsi-mitsin karnuka da suka daɗe ba su ci ba, da karen da ya yi gudu mai tsawo da yunwa. Alamun su ne rawar jiki, tangaɗi kamar mai maye, kallon wuri ɗaya, kasala, daga nan sai jijjiga da suma.

Idan yana cikin hayyacinsa kuma yana iya haɗiya, ba shi abincinsa, ko ya lashi zuma, kimanin ƙaramin cokali ɗaya a kan kowane kilo 5 zuwa 6 na nauyinsa. Idan ba ya iya haɗiya, kwantar da shi a gefe ɗaya, ɗaga leɓensa, ka shafa zuma siriri a dasashi da cikin kunci ta waje da haƙora. Shafawa, ba zubawa ba. Kada yatsanka ya shiga tsakanin haƙoransa, musamman idan yana jijjiga, zai datse shi bai sani ba. Cikin minti 5 zuwa 10 ya kamata ka ga ya fara dawowa. Da ya iya ɗaga kai ya haɗiya, ba shi ɗan abinci, don sugan zuma yadda ya hau da sauri haka yake sauka. Sannan a tafi asibiti ko da ya miƙe, kuma kada a yi masa allurar insulin ta gaba sai likita ya ce. Ga kwikwiyo, ruwan gulukos ko sugan da aka narkar a ruwa ya fi. Amma idan zuma ce kaɗai a hannunka kuma yana neman suma, shafa masa, haɗarin da ke gabanka ya fi na ƙwayar cutar da ke cikin zuma kusa.

Tari da ƙaiƙayi

Akwai busasshen tarin da karnuka ke ɗauka a junansu idan sun cakuɗu, mai ƙara kamar wani abu ya maƙale musu, wanda yakan ƙare da kakarin amai da farin kumfa. Yawanci yana warkewa cikin mako ɗaya zuwa uku. Zuma na lulluɓe maƙogwaro ta rage ƙaiƙayinsa na ɗan lokaci, iyakar aikinta ke nan, ba ta kashe ƙwayar cutar. Raba awon yini gida biyu ko uku, ka narkar a ruwan ɗumi, kada ka sa lemon tsami ko wani ƙari. Cire masa abin wuya mai matse maƙogwaro, ka ware shi daga sauran karnuka. Idan bayan kwana uku ba sauƙi, ko ya daina cin abinci, ko majina mai kauri na fita, ko zafin jikinsa ya haura digiri 39.5, ko yana numfashi fiye da sau 30 a minti alhali yana barci, daina zumar ka kai shi. Tarin tsohon kare da daddare sau da yawa daga zuciya yake, kuma kowace ranar da aka ɓata ana ba shi zuma ruwa ne ke ƙara taruwa a huhunsa.

Maganar cewa zuma na maganin ƙaiƙayin fata saboda garin furen da ke cikinta kuwa ba ta tsaya da ƙafarta ba. Ƙudan zuma furanni masu ruwan zaƙi yake bi. Abin da ke sa kare susa galibi ƙuma ce, ko ƙananan ƙwarin ƙurar ɗaki, ko garin ciyayin da iska ke kwasowa, ko wani abu a abincinsa. Fara da duba gindin wutsiyarsa ko akwai baƙin dattin ƙuma.

Zuma a kan rauni

A nan amfaninta tabbatacce ne. Yawan suganta na tsotse ruwa daga ƙwayoyin cuta da kuma daga naman da ya kumbura. Tana da tsami-tsamin da ƙwayoyin cuta ba sa so. Idan ta haɗu da ruwan ciwo tana fitar da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta kaɗan-kaɗan. Zumar manuka ta Niyu Zilan tana da wani ƙarin sinadari mai wannan aiki. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da kayan ɗaure rauni na zuma mai suna Medihoney a 2007. Amma ita zumar asibiti an tace ta, an kuma haska mata wani haske mai ƙarfi da ake kira gamma, wanda ke kashe irin ƙwayoyin cutar da muka ambata. Ta kwalbar kicin ba a yi mata haka ba, don haka ta asibitin za ka nema.

Raunin da za ka iya kula da shi a gida shi ne ƙujewa ko ƙaramar ƙuna ta saman fata. Cizo, huda mai zurfi, raunin da ke kusa da ido ko gaɓa, wanda ya buɗe yana neman ɗinki, ko jinin da ya ƙi tsayawa bayan minti 10 ana dannawa, duk na likita ne. Cizo yakan yi ƙaramin baki a waje alhali ya yi ɓarna a ciki, ga kuma batun ciwon haukan kare idan ba a san dabbar da ta yi cizon ba.

1. Sa masa takunkumi ko ka ɗaure bakin da tsumma mai laushi. Kare mai jin zafi yana cizon ko mai shi.
2. Idan ƙuna ce, fara kwarara mata ruwa mai sanyi na minti 10 zuwa 20. Ban da ƙanƙara.
3. Rufe raunin da ƙyallen asibiti mai laima, ka rage gashin da ke kewaye da almakashi, don kada ya zuba ciki.
4. Wanke da ruwan gishiri: giram 9, wato ƙaramin cokali ɗaya da rabi, a lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce. Zuƙo shi a sirinji mara allura ka fesa har datti ya fita. Kada ka sa sifirit, yana kashe sabon naman da ke tsirowa.
5. Shafa zumar a kan ƙyallen, ba a kan raunin ba, don ta fi zama. Ƙyalle mai faɗin santimita 10 da tsawon 10 yana cin mililita 30. Rage daidai da girman ciwon.
6. Ɗora auduga mai kauri a sama don ta tsotse ruwa, sannan ka naɗe da bandeji. Yatsu biyu su iya shiga ƙarƙashinsa. Idan a ƙafa ne, bar yatsun ƙafar biyu na tsakiya a waje ka riƙa dubawa. Idan sun kumbura, sun ware, ko sun yi sanyi, ɗaurin ya matse, kwance shi yanzu.
7. Sa masa abin wuya na roba mai siffar mazurari. Ba tare da shi ba aikin banza ka yi, zai ji ƙanshin zuma ya yage bandejin, wani ma ya haɗiye shi ya toshe masa hanji.

Sauya ɗaurin kowace rana, a kwanakin farko ma sau biyu idan ruwa ya ratso. Zumar da ruwan ciwo ya tsinka sosai ta rasa ƙarfinta, ta koma abincin ƙwayoyin cuta. Idan ƙyallen ya manne, jiƙa shi da ruwan gishiri kafin ka ɗaga. Cikin kwana uku zuwa biyar ya kamata ka ga wari ya ragu, sabon nama ja mai laushi ya fara cike wurin. Idan kuwa jan yana faɗaɗa, wurin ya yi zafi, mugunya na fita, ko karen ya daina taka ƙafar, kai shi a duba.

Kada ka taɓa barin rauni mai zuma a buɗe, ko na rabin yini. Kiyashi za su bi shi har inda yake kwance, ƙuda kuma ya yi ƙwai a bakin ciwon, washegari ka tarar da tsutsa. Kwantar da shi a cikin ɗaki a kan shimfiɗa mai tsabta, ka goge duk zumar da ta tsiyayo a gashin da ke kewaye da bandejin da ruwan ɗumi, ka busar da wurin.